Yadda Tina Turner ta haɗa faifan Private Dancer a Landan

A ƙarshen watan Mayun 1984 kamfanin Capitol ya fitar da faifan wata mawaƙiya mai shekara 44, wadda masu harkar kiɗa a Amurka suka riga suka gama yanke mata hukunci cewa zamaninta ya wuce. Sunan faifan Private Dancer. Wanda ya saurare shi daga farko har ƙarshe zai ji kamar wani ne ke ta murɗa masa tashar rediyo: nan rok mai ƙarar jita, can waƙar soyayya mai taushi da ɗan takun rege, gaba kaɗan tsohon kiɗan sol na Memphis da aka ɗora a kan na'urorin zamani. Wasu na ganin wannan gauraye dabarar kasuwa ce kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tushen abin ya koma baya kusan shekara ashirin.

An haifi Anna Mae Bullock a 1939 a jihar Tennessee, ta tashi a ƙauyen Nutbush, inda ake noman auduga. A St. Louis ta haɗu da makaɗi Ike Turner, wanda ya raɗa mata sunan Tina lokacin da waƙarsu A Fool in Love ta fito a 1960. Daga nan suka shiga yawon wasa babu hutu, ita a gaba da 'yan amshinta, shi a baya riƙe da jita da kuma ragamar komai, har da kuɗi. A wancan zamani gidajen rediyon Amurka a rabe suke bisa launin fata. Mawaƙiya baƙar fata mai murya irin ta Tina wurinta sananne ne, tashoshin baƙaƙe da jadawalin waƙoƙinsu, kuma ba a cika barin ta ta tsallaka ba.

A 1966 ta gwada tsallakawa. Furodusa Phil Spector ya ɗauke ta ita kaɗai, ba tare da Ike a ɗakin naɗi ba, suka yi River Deep Mountain High da tarin makaɗa. A Amurka waƙar ta tsaya a mataki na 88. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne tashoshin fararen fata sun ga ta baƙaƙe ce, tashoshin baƙaƙe kuma sun ga ta fi kama da ta farare, sai ta rasa mai ɗauka. A Birtaniya kuwa ta kai mataki na uku, kuma a shekarar ƙungiyar Rolling Stones ta gayyaci Ike da Tina su riƙa buɗe mata fage a yawon da ta yi a ƙasar. Tina ba ta manta da wannan ba. Turawan Ingila sun ji muryarta ba su tambayi jadawalin da ya dace da ita ba.

Shekarun da suka biyo sun kawo ɗaukaka. Proud Mary ta kai mataki na huɗu a 1971 ta kuma ci Grammy, kuma a ranar 6 ga Maris na shekarar Ike da Tina na cikin waɗanda suka hau dandamali a filin Black Star na Accra, a wasan Soul to Soul na bikin 'yancin Ghana, tare da Wilson Pickett da Santana. A bayan fage kuwa duka ne da wulaƙanci, kamar yadda ta bayyana daga baya a littafin tarihin rayuwarta na 1986. A Yulin 1976, a birnin Dallas, ta gudu daga otal ɗin da suka sauka da santi 36 da katin shan mai a hannunta. Da aka kammala shari'ar rabuwa a 1978, babban abin da ta nace a bar mata shi ne sunan da take hawa dandamali da shi. Bashin wasannin da aka soke saboda tafiyarta ya hau kanta.

Nan ne lokacin da ba a cika ba da labarinsa ba, kuma ni a wurina shi ne ya fi nuna ko wace ce ita. Faifai biyu da ta yi a ƙarƙashin United Artists, Rough a 1978 da Love Explosion a 1979 mai salon disko, duk ba su je ko'ina ba, kamfanin ya sake ta. Sai ta koma wasa a zaurukan otal da gidajen rawa na Las Vegas, tana maimaita tsoffin waƙoƙi ga masu cin abincin dare, tana rage bashi. Wadda ta taɓa girgiza filaye ta yi shekaru a haka ba ta ajiye sana'ar ba. A irin wannan zaure ne, a San Francisco, wani matashi ɗan Ostireliya mai suna Roger Davies ya gan ta, ya zama manajanta. Abin da ta gaya masa take so shi ne ta cika filayen wasa da kiɗan rok kamar yadda Rolling Stones ke yi. Davies ya sauya makaɗa da sutura, ya sama mata wasa a gidan Ritz na New York a 1981. A shekarar Rod Stewart ya fito da ita a talabijin, Rolling Stones ma suka sake ba ta fage.

Duk da haka ƙofar ta Ingila ce ta buɗe. Martyn Ware, ɗan Sheffield, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Human League sannan Heaven 17, mutum ne da kiɗansa kusan duka na'ura ce. A 1982 ya gayyace ta ta rera Ball of Confusion, tsohuwar waƙar Temptations, a kan sautin lantarki. A Capitol kuma wani jami'i mai suna John Carter ya tsaya mata, duk da manyan kamfanin ba su da ɗoki. Tina takan ba da labarin daren da David Bowie ya ce wa jami'an kamfanin zai tafi kallon mawaƙiyar da ya fi so a Ritz, suka bi shi, suka gane wa idonsu. Amma ko da hakan, yarjejeniyar farko ta gwaji ce. Ta koma wurin Ware, suka ɗauko Let's Stay Together ta Al Green, kuma a cewar Ware, a karo ɗaya ta rera abin da aka fitar. Waƙar ta fito a Nuwambar 1983, ta kai mataki na shida a Birtaniya, daga baya na 26 a Amurka.

Sai Capitol ya farka, ya ce a kawo cikakken faifai maza-maza kafin ƙarfen ya huce. Lokacin da aka samu bai wuce 'yan makonni ba, kuma babu furodusa ɗaya da zai iya gama aikin cikinsu. Davies ya shiga zagaya Landan yana neman waƙoƙi da masu naɗa su, ana aiki a ɗakuna daban-daban kusan lokaci guda. Rupert Hine ya yi Better Be Good to Me, wadda wata ƙungiya mai suna Spider ta fara rerawa a 1981, da I Might Have Been Queen, da aka tsara bayan an saurari labarin rayuwarta daga bakinta. Carter ya yi Steel Claw ta Paul Brady ɗan Ailan, da waƙar da faifan ya ci sunanta. Mark Knopfler na Dire Straits ne ya rubuta ta, ya ajiye domin ya ga ba ta dace da bakin namiji ba, tunda mai magana a cikinta mace ce da ake biya ta yi rawa da baƙi. Abokan kiɗansa suka buga, Jeff Beck ya sa jita. Ware ya ƙara da 1984 ta Bowie, wadda a kunnena ita ce mafi rauni a cikin jerin. Fitowar Turai ta ƙunshi Help ta Beatles, da makaɗan jaz na Crusaders suka mayar mai sanyi kamar addu'ar coci.

Terry Britten ne ya kawo What's Love Got to Do with It, wadda ya rubuta da Graham Lyle. Ta riga ta zaga hannaye, ƙungiyar Bucks Fizz ma ta naɗa ta. Da Tina ta ji samfurin, ba ta so shi ba, ta ga ya yi mata laushi da yawa. Davies ya lallashe ta ta je ta ga Britten, shi kuma ya sa ta rage ƙarfin murya, ta fara daga ƙasa-ƙasa, abin da ba a saba ji daga gare ta ba. Wannan riƙewar ce ta ba waƙar nauyi, domin mai sauraro yana jin ƙarfin da aka danne.

Babu waƙa ko ɗaya a faifan da Tina ta rubuta, kuma duk da haka babu wadda ba ta zama tata ba. Hannaye da yawa sun taɓa kiɗan, wasu sautukan gangar na'ura ma yau sun tsufa, amma murya ɗaya ce mai kaushi ta ratsa su duka, muryar wadda ta ga abin da ta gani. Inda abin ya fi taɓa ni shi ne I Can't Stand the Rain. Ann Peebles ce ta yi ta a 1973 a kamfanin Hi na Memphis, inda Al Green ma yake a lokacin, kuma Memphis ba ta da nisa da Nutbush. Ke nan kiɗan gidansu ne, sai da ta je Landan, wurin Turawa masu na'ura, kafin Amurka ta yarda ta saurare shi daga bakinta a kowace tasha.

A ranar 1 ga Satumban 1984 What's Love Got to Do with It ta hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard, ta yi mako uku a can, abin da Tina ba ta taɓa samu ba a duk shekarunta da Ike. A lokacin babu mace mai waƙa ita kaɗai da ta taɓa hawa wannan mataki da shekaru kamar nata. Faifan ya kai na uku a Amurka, na biyu a Birtaniya, ya sayar da kwafi sama da miliyan biyar a Amurka kaɗai. A bikin Grammy na Fabrairun 1985 ta karɓi kyauta uku: waƙar da aka fi iya naɗawa a shekarar, gwarzuwar pop, da gwarzuwar rok saboda Better Be Good to Me. Britten da Lyle suka karɓi ta rubutu. Filayen da ta ce wa Davies tana so kuwa sun cika: a Janairun 1988 kimanin mutum dubu 180 suka hallara filin Maracana na Rio de Janeiro domin kallonta, kuma a 2020 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Private Dancer cikin sautukan da ƙasar ke adanawa.