Asalin Ƙwallon Doki a Katsina

In ka zauna cikin dattawan Babbar Kasuwa ta Katsina ka ambaci Sarki Usman Nagogo, da wuya a tashi hirar ba a yi maganar doki da sanda ba. Wasan nan da ake kira folo ya zama na gida, har yaro ya ɗauka a Katsina aka haife shi. Alhali baƙo ne, daga nesa ya zo.

Mutanen Farisa ne suka fara shi, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, domin koya wa mayaƙa zama bisa sirdi. Daga nan ya bi sarakuna har ƙasar Hindu. Can Turawan Ingila suka tarar da mutanen Manifur suna yi, suka koya, suka kafa ƙungiya a Silca a 1859, sa'an nan suka kai shi gida suka tsara masa dokoki.   

Sojojin Turawa suka kawo folo Ikko a 1904. Amma a Katsina ya sami masauki, saboda Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906. Dikko mai son dawaki ne ƙwarai. Bayan tafiyarsa Makka da Ingila a 1921, sai ya rungumi wasan, ya sa 'ya'yansa suka koya. Ba su sha wahala ba, don wanda ya tashi cikin sukuwa da hawan Salla ba sai an nuna masa riƙon linzami ba. Abin da ya rage kawai shi ne dokoki: mutum huɗu kowane gefe, sanda a hannun dama tilas, a yi minti 7 ana fafatawa, sa'an nan a huta a sake doki.

Cikin 'ya'yan nan Nagogo ya fita daban. Ana auna gwanintar ɗan folo ne da maki, mafi girma 10, shi kuwa ya kai 7, matsayin da har yanzu 'yan wasan ƙasar nan suke ambato da girmamawa. Katsinawa suka riƙa zuwa Kaduna suna ɗauko Kofin Jojiya, wanda ake gasarsa tun 1919, a gaban waɗanda suka kawo wasan. Nagogo ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, 'ya'yansa kuma, Sarki Kabir Usman da Janar Hassan Usman Katsina, duk sun riƙe sandar bayansa.