Tarihin Na'urar Tace Gahawa da Sha'anin Gyaranta

Na'urar tace gahawa, wato wadda ke ɗiga ruwan zafi a kan garin gahawa har ya ratsa takarda ya taru a tulun gilashi, ta samo asali ne daga birnin Dresden na ƙasar Jamus a shekarar 1908, lokacin da wata matar aure mai suna Melitta Bentz, wadda tsakin gahawa a gindin kofi ya isa, ta hudhuda gindin tukunyar tagulla, ta shimfiɗa takardar tsotse tawada da ta ciro daga littafin makarantar ɗanta. A wancan zamani da hannu ake zuba ruwan, saboda haka babu abin da zai lalace balle a nemi mai gyara.

Lantarki ya shiga sha'anin a shekarar 1954, sa'ad da Gottlob Widmann ya ƙera Wigomat a Jamus, amma na'urar ba ta zama ruwan dare ba sai bayan 1972, shekarar da Vincent Marotta da Samuel Glazer suka fito da Mr. Coffee a jihar Ohio ta Amurka. Nan da nan ta ture tsohuwar butar da ke maimaita tafasa gahawa har ta yi ɗaci.

Abin da ya ba wa wannan ƙira farin jini shi ne kuma ya sa gyaranta bai fi ƙarfin mai gida ba, domin ba ta da famfo ko wani inji mai juyawa. Ruwa na gangarowa daga tanki zuwa wani lanƙwasasshen bututun alminiyam da ke manne da wayar ɗumama, idan ya fara tafasa sai kumfar tururi ta ingiza shi sama, yayin da wani ɗan bawul, wato ƙofa mai barin ruwa ya wuce ta gefe guda kawai, ke hana shi komawa tanki. Ƙarar kurɓe-kurɓe da ake ji da safe, wadda wasu ke ɗauka alamar lalacewa ce, aikin wannan tururi ne. Don haka cututtukan na'urar ba su da yawa: ko dai farin dutse mai kama da alli, wanda ruwa mai ma'adinai ke bari idan ya tafasa, ya toshe bututun, ko tsaki ya maƙale a bawul, ko kuma fis ɗin kariya, wanda aka yi shi don ya katse wuta idan zafi ya wuce kima, ya ƙone. Na farko ruwan khal ke narkar da shi, na biyu wanki, na uku kuwa sauyi bayan an zare waya daga bango, kuma haɗa wayar kai tsaye ba tare da fis ba ganganci ne mai iya haddasa gobara.

Duk da wannan sauƙi, al'adar gyara ta ja baya a ƙarshen ƙarni na 20, domin ƙera kaya da roba a ƙasashe masu arhar ƙwadago ya sa kuɗin sabuwa bai kai ladan mai gyara ba, wasu kamfanoni kuma suka riƙa rufe gindin na'urar da ƙusoshin da sukundireban gida ba ya kwancewa, lamarin da ke da hujjar kare mutum daga wuta, ko da yake ba za a ce hujjar kasuwa ba ta ciki ba.

Martani ya fito daga ƙasar Holan, inda a watan Oktoba na 2009 wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ta buɗe zauren gyara na farko, Repair Café, a birnin Amsterdam, wurin da masu sa kai ke zama da masu kaya su buɗe abin tare ba tare da an biya lada ba. Na'urorin gahawa na cikin kayan da aka fi kawowa waɗannan zauruka, kuma sau da yawa abin da ake tararwa a ciki farin dutsen nan ne kawai.