Tarihin Rautar Tanel, Mai Sada Sabon Tsarin Sadarwa da Tsohon

Rautar tanel na'ura ce da ake girkewa a kan iyakar tsarin sadarwa iri biyu, wato tsarin asali na intanet, wanda a cikinsa kowace rauta ke duban adireshin ƙunshin bayani ta miƙa shi ga maƙwabciyarta, da kuma tsarin da aka shimfiɗa a bisansa, mai nasa adireshi da nasa ƙa'idoji waɗanda rautocin asali ba su san da zamansu ba. Aikinta shi ne ta karɓi ƙunshi daga tsarin bisa, ta naɗe shi cikin wani ƙunshi mai adireshin da kowa ya sani, ta sake shi ya kama hanya har ya riski 'yar'uwarta a ɗaya bakin, ita kuma ta warware naɗin ta ba mai shi. Abin da ke tsakanin naɗi da warwara shi ake kira tanel.

Lalura ce ta haifi wannan hikima, domin intanet ba mallakar sarki ɗaya ba ce balle a yi shela kowa ya sake na'urarsa rana guda. A watan Maris na 1992, sa'ad da masanan ƙungiyar IETF suka hallara a San Diyego ta Amurka, an so a watsa sautin majalisarsu ga mahalarta na nesa, alhali galibin rautocin zamanin ba su iya aika ƙunshi ɗaya ga jama'a da yawa ba. Sai Steve Deering da Stephen Casner da abokan aikinsu suka ƙulla tanel tsakanin 'yan wuraren da suka iya, suka tsallake waɗanda ba su iya ba, aka sa wa tsarin suna MBone. A 1994 aka wallafa ƙa'idar GRE, wadda ta halatta a naɗe kusan kowane irin ƙunshi cikin wani. Haka kuma da aka hangi ƙarewar adireshin IPv4, wanda adadinsa bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, tanel aka yi amfani da shi wajen jarraba magajinsa IPv6 a tsarin 6bone, tun daga 1996 har ranar 6 ga Yuni, 2006.

Amma babbar mas'ala, wadda a ganina ita ce zuciyar maganar, ita ce yadda wanda ke zaune cikin tsohon tsari zai yi magana da wanda ya ƙaura zuwa sabo. A Oktoban 2006 aka yi wani zama a Amstadam kan yadda jadawalin hanyoyin intanet ke kumbura har yana neman fin ƙarfin rautoci, kuma daga wannan damuwa Dino Farinacci da abokansa na kamfanin Cisco suka tsara LISP, wadda ta raba adireshi gida biyu, ɗaya na nuna wane ne, ɗaya na nuna ina yake. An wallafa ta a Janairun 2013 a matsayin gwaji, aka tabbatar da ita a Oktoban 2022. A cikinta akwai rauta wakiliya, wadda ke shelanta wa tsohon tsari, da harshen BGP da ya saba ji, cewa duk mai saƙo zuwa adireshi kaza ya kawo gare ta. In saƙon ya iso sai ta tambayi ma'ajiyar taswira, mai haɗa adireshin nan biyu, inda mai shi yake a halin yanzu, ta naɗe, ta aika. Matsayinta kamar na fatoma ne a zangon fatake na Kano ta dā, wanda baƙo ke sauka a wurinsa, shi ya san baƙon, shi ya san kasuwa, kuma ba ciniki sai ta hannunsa.

Mutumin ƙaramar hukumar Ungogo ta Kano ba baƙo ba ne ga wannan ilimi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Tun da aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya a Agustan 2001, aka kuma bi ta da hidimar data, saƙon data na waya cikin tanel yake tafiya, bisa ƙa'idar da ake kira GTP. Manomin Fanisau ko na Yadakunya, idan ya buɗe WhatsApp don jin farashin taki a kan 4G, turken da ke kusa da gonarsa ne ke naɗe ƙunshin, ya ratsa da shi cikin layukan kamfani har zuwa na'urar da ke bakin iyaka, a can ake warwarewa a sake shi cikin intanet. Fa'idar haka a bayyane take: in ya hau babur daga Rangaza zuwa Bachirawa, yana barin turke yana kama wani, bakin tanel ne kawai ke sauyawa, adireshinsa na nan daram. Haka nan lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, VPN da matasa suka rungume tanel ne wanda bakinsa na biyu ke wata ƙasa.

Sai dai ba hikimar da ba ta da haraji. Naɗi yana cin wuri, domin ƙunshi a bisa al'ada ba ya wuce bayit 1,500, GRE kuwa na cinye 24 daga ciki, kuma idan ba a daidaita ma'auni ba sai shafi ya tsaya bai buɗe ba alhali alamar sabis a cike take. Illa mafi girma ita ce nisa: dole ƙunshi ya je har inda tanel ya ƙare kafin ya juyo, ko da wanda ake nema maƙwabci ne. Igiyoyin ƙarƙashin teku na SAT-3 da MainOne da Glo-1 duk a Legas suka sauka, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kano, saboda haka nauyin sadarwar ƙasar ya karkata can. Ina kira ga kamfanonin waya da hukumar sadarwa ta NCC da su yawaita waɗannan na'urori na bakin iyaka a Kano, domin saƙon da ya tashi daga Rijiyar Zaki zuwa Kadawa ya ƙare tafiyarsa cikin jiha.