Wanda Ya Fara Zana Saniya Makiyayi Ne

Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, na rubuta shi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya da kaya, ko suna bakin rijiya ana shayarwa.

Ka sha ganin yaro mai kiwo ya zauna a gindin aduwa, ya ɗauki tsinke yana zana saniya a ƙasa, ko ya murza yumɓu ya fitar da bijimi da ƙahonsa. Wataƙila ma kai ne yaron a da. To wannan wasan ya girmi duk birnin da ka taɓa kai kaya cikinsa, kuma shaidarsa tana nan a jikin duwatsu daga Aljeriya har Jigawa.

Hamadar nan da direbobi ke tsoro ba haka take ba tun fil azal. Daga wajen shekara 11,000 zuwa shekara 5,000 da suka wuce, damina tana kaiwa can arewa. Akwai tafkuna da ciyawa, Tafkin Chadi kuwa ya ninka na yau sau da yawa. A Gobero, cikin Tenere, inda masu bincike suka ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an tono ƙasusuwan manyan kifaye da na dorina da kada. Mutanen wancan zamani sun bar mana hoton abin da idonsu ya gani. Idan ka bi hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai wurin da ake kira Dabus, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, da zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya. A yau in kana son ganin irin wannan dabba da ranta a Nijar, yawanci sai ka gangara Kure, kusa da Yamai.

Amma na Dabus sassaƙa ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu launi, kuma cibiyarsu ita ce duwatsun Tasili, kusa da garin Janet a kudu maso gabashin Aljeriya, inda aka ƙidaya zane fiye da 15,000. A cikinsu akwai wani dogon zamani da masana suka raɗa wa suna zamanin shanu, don kusan duk inda ka duba garke ne. Yawancinsu ƙanana ne, wata saniyar ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Sai dai ka dubi aikin! Ga ja, ga fara, ga mai roɗi-roɗi, ga wadda ƙahonta ya lanƙwasa ƙasa. An fitar da hantsa, an fitar da yadda saniya ke waiwayen ɗanta. Wanda bai kwana da shanu ba ba zai iya wannan ba. Ni dai ban yarda baƙo ne ya yi shi ba, mai garken ne da kansa, yana zana dabbobin da ya san su ɗaya-ɗaya.

Har dangwali akwai, wato igiyar nan da ake jera maruƙa a kanta. Shi ya sa lokacin da masanin nan Bafulatani na Mali, Amadu Hampate Ba, ya ga kwafin zanen, ya ce ya gane al'adun Fulani a ciki, har suka wallafa bayani a kai shi da wata masaniya Bafaransa a 1966. Masana da yawa ba su bi shi a kan wannan fassara ba, suna cewa tazarar shekarun ta yi yawa. Kai da ka san ruga, in Allah ya sa ka ga hotunan, sai ka yi naka hukuncin. Abin da babu gardama a kansa shi ne suna tatsa: a Takarkori da ke kudu maso yammacin Libiya an gwada fasassun tukwane, aka sami maiƙon madara mai shekara kusan 7,000, aka bayyana sakamakon a 2012.

To da me suka yi zanen, tunda babu kantin fenti? Nan ne labarin ya fi daɗi. Ja dai koya ce, jar ƙasar nan da tsatsar ƙarfen da ke cikinta ta rina. Akwai 'yar'uwarta mai ruwan ɗorawa, wadda in ka gasa ta a wuta sai ta koma ja, kuma gwargwadon gashin gwargwadon duhun launin. Fari daga farar ƙasa, baƙi daga gawayi ko wani baƙin dutse. Sai a niƙa a kan dutse har ya yi laushi kamar kwalli. Amma gari kaɗai ba ya kama bango, iska ce za ta kwashe shi. Dole a kwaɓa shi da abin da zai riƙe shi, kuma masu bincike suna ambaton madara da kitse da jini da ƙaron itace. Ka ga duk kayan da ke hannun makiyayi ne. Babu wanda aka haifa da sanin wane haɗi ne zai daɗe. Gwaji aka yi ta yi, wani ya ɓare, wani ya zauna, wanda ya zauna shi muke gani yau. Jan ya fi kowane jurewa domin yana shiga cikin ƙofofin dutsen, farin kuwa a sama yake tsayawa, shi ya sa za ka ga saniyar da rabin jikinta ya ɓace, alhali da can fari ne a wurin.

Ga wani abin lura da kai za ka riga ɗan boko ganewa: shanun nan ba su da tozo. Masu tozo, kakannin bunaji da rahaji da azawak, daga baya suka shigo Afirka, asalinsu ƙasar Indiya. Marasa tozo su ne na farko, kuma jininsu bai ƙare ba, ga kuri nan a Tafkin Chadi da kumburarren ƙahonta. Wannan ne ya sa zanen Birnin Kudu a Jihar Jigawa yake da daraja. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda aka rubuta labarinsu a shekarun 1950, shanun da aka zana su ma marasa tozo ne, wasu da dogon ƙaho. Akwai irin wannan zane a Geji ta ƙasar Bauchi. A can arewa kuwa, da ruwa ya ja baya sai dawaki suka bayyana a jikin duwatsun, har da keken doki, daga ƙarshe wajen shekara 2,000 da suka wuce sai raƙumi. In ka bi zanen daki-daki, kana karanta yadda ƙasa ta bushe ne. Kusa da Janet akwai sassaƙen da ake kira saniya mai kuka, an yi mata hawaye a gefen ido. Mutanen wurin suna cewa ruwa ta zo nema ta tarar ya ƙafe.

Launukan ba su mutu tare da tafkunan ba, sana'a suka canza. Da Musulunci ya kafu, sai aka rage zana mai rai, gwanintar ta koma kan allo da fata da bango da ƙwarya. Malamin zayyana yana dama gawayi da ƙaro ya sami tawada, ya sa koya wajen ja, zarnik wajen rawaya. Majemi da baduku suna fitar da ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko. Marina suna da babansu. Woɗaaɓe kuwa har gobe suna niƙa ƙasa ja da rawaya su shafa a fuska lokacin Gerewol. Kai kuma ɗan kasuwa, buhun ƙaron dakwara da kake ƙetarawa da shi daga Chadi ko Yobe ko Difa, ka san ina wani yake ƙarewa? Fentin ruwa da masu zane ke saye da tsada a Turai, da shi ake kwaɓa shi.

Kafin shirin na ce bari in gwada da hannuna, kada in faɗa maka abin da ban taɓa ba. Na sayi koya wajen mai kayan koli, na yanka kwalin shayi gida huɗu, kowane kamar tafin hannu. Na farko na dama da ruwa zalla, da ya bushe na hura sai ya tashi. Na biyu da madarar shanu, ya kama sosai har da ɗan ƙyalli, sai dai na cika shi kauri ya tsattsage, da safe kuma na tarar tururuwa sun yi biki a kansa. Na uku da man shanu, kwana uku bai bushe ba. Na huɗu da ƙaro, shi ne ya zauna lafiya lau, har na ƙara masa ciyawa da alƙalamin kara da tawada, na fitar da farin goshi da alli. Abokan aikina sun ce saniyar tawa ta fi kama da jaki. Ban yi musu ba. Amma tun ranar na daina kallon mutanen Tasili a matsayin masu wasa da ƙasa.

Saura maganar da ta sa na zaɓi wannan batu. Abin da rana da iska suka bari shekara dubbai, hannun mutum yana gamawa da shi cikin minti biyar. Bafaranshen nan Henri Lhote, wanda ya kai ayarin masu kwafe zanen Tasili a 1956, mutanensa sun riƙa goga jiƙaƙƙen soso a kan zanen don launin ya fito, masu kai baƙi yawon buɗe ido suka ɗauki ɗabi'ar, wasu hotunan suka dusashe har abada. A 2017 kuma aka wayi gari a duwatsun Ennedi na Chadi, wasu sun rubuta sunayensu da Faransanci da Larabci a kan zanen da ya shekara dubbai.

Jami'in gidan tarihi ba ya kai wa waɗannan wurare sai jifa-jifa. Kai ne kake fakewa a inuwar kogon da tsakar rana, kai ne motarka ke lalacewa a gindin dutsen. In ka ga zane, kada ka hura wuta a ƙarƙashinsa, hayaƙi yana rufe shi. Kada ka bar awaki su yi ta goga jiki a wurin. Wanda ya ce ka ɓanɓaro masa guntu zai saya, ka sani dokokin ƙasashenmu sun hana fitar da kayan tarihi, kuma kai za a kama da shi a kan iyaka. In hoto kake so a waya, kada ka watsa ruwa. Ka jira hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa a karkace, launin zai fito da kansa.