Abokin Takara da Hasashen Zaɓen Shugaban Ƙasa

Sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai wadatu da rinjayen ƙuri'u ba. Dole ɗan takara ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohin tarayya. Wannan ne ya sa jam'iyyu ke haɗa ɗan Arewa da ɗan Kudu, galibi Musulmi da Kirista.

Sai dai mataimaki ba kullum yake kawo jiharsa ba. A 2023 Atiku Abubakar ya ɗauki Gwamna Ifeanyi Okowa, amma Peter Obi ne ya lashe Delta. Bola Tinubu da Kashim Shettima kuwa, dukansu Musulmi, sun yi nasara da ƙuri'u 8,794,726, bayan da ƙuri'un adawa suka rabu gida uku.