Unguwar Da Ta Ƙi A Sake Gina Shagunan Giya

A tarzomar birnin Los Angeles na Amurka a 1992, an ƙone shagunan giya kusan 200 a unguwar South Central. Da aka tashi sake gina su, sai mazauna unguwar, ƙarƙashin ƙungiyar Community Coalition ta Karen Bass, suka ce ba su yarda ba, domin bakin shagunan ya zama matattarar mashaya da ɓata-gari. Hukumar birni ta wajabta sauraron maƙwabta kafin ba da izini. Masu shagunan, akasarinsu 'yan Koriya, suka koka cewa an toshe musu hanyar abinci. Kimanin 150 ba su sake buɗewa ba.

Ya 'yan uwa, dokar tsara gari ma hanya ce ta kare haƙƙin maƙwabtaka. Allah Ya sa mu dace.