Gefen Takarda: Tarihin Ra'ayin Mai Karatu Daga Gazargamu Zuwa Dapchi

Idan ana lissafin garuruwan littafi a Arewa, Zariya ake fara kira saboda kamfanin Gaskiya, sai Kano saboda Kurmi da Sabon Gari, sai Sakkwato saboda tarin rubuce-rubucen masu jihadi. Da wuya ka ji an ambaci Nguru ko Gashuwa, balle Dapchi, wadda duniya ba ta san sunanta ba sai ranar da aka afka wa makarantar 'yan matanta. Laifin na ma'auninmu ne. Muna ƙirga maɗaba'u da marubuta da ɗakunan karatu, mu manta da wanda aka sha duk wahalar dominsa, wato mai karatu. A ganina tarihin littafi a arewacin Yobe tarihin masu karatu ne da hukuncin da suke yanke wa abin da suka karanta. Al'adar mutum ya sauke littafi ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba, ta girmi boko a wannan yanki, ta girmi jirgin ƙasa, ta girmi Nijeriya kanta. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda aka yarda ya buɗe baki, da kuma inda yake ajiye maganarsa.

Gabas da Dapchi, a ƙasar Gaidam, akwai kufan Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya zama fadar daular Barno har zuwa 1808. A nan Imam Ahmad ɗan Furtuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma, a nan kuma malamai irin su mawallafin Shurbuz Zulal suka yi zamani. Amma shaidar da ta fi ƙarfi kan masu karatu tana cikin tsofaffin Alƙur'anan Barno da wani Bature mai suna Bivar ya ɗauki hotunansu a ƙarshen shekarun 1950, ɗaya daga cikinsu a Gaidam. Wani yana ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da 1669. Wanda ya dubi waɗannan warƙoƙi zai ga ayoyi da manyan baƙaƙe a tsakiya, tsakanin layuka da gefen takarda kuwa cike da ƙananan rubutu, wani da Larabci, wani da tsohon Kanembu, harshen da ya haifi Tarjumo da malaman Barebari ke fassara da shi har yau. Ba hannu ɗaya ne ya yi su ba. Wani ya rubuta, bayan shekaru wani ya zo ya ƙara, wani ya kawo abin da wani tafsiri ya ce a kan kalmar da na farko ya fassara. Takarda ɗaya ta zama zaure, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna ta muhawara a cikinsa.

Za a ce wannan ba ra'ayi ba ne, naƙali ne: almajiri yana rubuta abin da ya ji daga bakin malaminsa, ba shi da ta cewa. Akwai gaskiya a ciki, domin ilimin zaure bai san ɗalibi ya yi gaban kansa ba. Sai dai wanda ke gaban tafsirai da yawa, ya ɗauko bayanin ɗaya ya bar sauran saboda gefen takarda ba zai ɗauki duka ba, ya riga ya yanke hukunci, ko da bai ce "ina ganin" ba. Kuma idan ana son ra'ayi ƙarara, tarihin yankin ya ba da shi. Bayan faɗuwar Gazargamu, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da shugabannin jihadi, Muhammadu Bello kuma ya adana su a Infaƙul Maisuri. Ɗaya daga cikin hujjojin al-Kanemi hujjar mai karatu ce tsantsa: ya ga littattafan Shehu Usmanu, ya girmama su, amma yana ganin abin da wasu mabiya ke aikatawa a ƙasar Barno bai dace da abin da ke cikinsu ba. Bello ya mayar da martani da littattafai shi ma. Ko wane ɓangare mutum ya fi karkata, abin lura shi ne mutane biyu sun karanta rubutu ɗaya, kowa ya fito da fahimtarsa, kuma wanda aka soka bai ɓoye sukar ba, ya kwafe ta cikin littafinsa don na baya su gani.

Haka nan bai kamata a ɗauka karatun wancan zamani layi ɗaya ne ba. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani a tsangaya ya shiga zaure yakan bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala har Askari a fiƙihu, ya bi Ajurumiya da Alfiyya a nahawu, ya rera Ishiriniya, ya karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya, sannan ya kai ga Muƙamatul Hariri, wanda labaran wani gwanin dabara ne mai yawo gari-gari yana cin abinci da bakinsa. Ke nan ƙagaggen labari ba baƙo ba ne a gafakar malam. Kuma duk wanda ya san zaure ya san ɗalibai na da littafin da suke ƙauna da wanda suke bi don dole, suna da malamin da ake cewa a je wurinsa don lugga, da wanda ake nema don fiƙihu. Nguru, wadda ta kasance mazaunin Galadiman Barno tun ƙarni na 17, ta riƙe wannan gado har zamaninmu. Shehu Muhammadu Gibrima, babban malamin Tijjaniyya da ya rasu a 1975, a can ya zauna ya wallafa littattafai masu yawa, almajirai daga nesa suna zuwa suna ɗauka suna bazawa.

Shekarar 1930 ce ta buɗe wata ƙofa. A shekarar layin dogo daga Kano ya iso Nguru ya tsaya, don a kwashi gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu. Jirgin da ya tafi da kaya ba ya dawowa wayam. Ya zo da fatake da ma'aikata da harshen Hausa na kasuwa, ba da jimawa ba kuma ya zo da takarda bugaggiya. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, Magana Jari Ce ta biyo baya, sannan a Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito ƙarƙashin Abubakar Imam. Muhimmancin jaridar ga batunmu yana shafin wasiƙu. A karon farko malamin makaranta ko akawu ko ɗan kasuwa, wanda ba shi da ijazar kowa, zai iya rubuta ra'ayinsa da sunansa da sunan garinsu, a buga, a karanta daga Sakkwato har Barno. Kwafi ɗaya kuma, na jarida ko na littafi, ba mutum ɗaya yake yi wa aiki ba. Wanda ya iya boko ya karanta a dandali, sauran su saurara su yi ta gardama, ta yadda wanda bai san "a" ba ma yana da ra'ayi kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja. Ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ƙara yawan masu wannan dama. Amma a faɗi gaskiya, kusan dukansu maza ne.

Mata sun shigo da ƙarfi ne ta hanyar da masana suka fi rainawa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. 'Yan kasuwa suka riƙa saro su tare da littattafan addini da na makaranta suna kai wa garuruwa, har inda kwalta ta ƙare. A garin da ba shagon littafi na a zo a gani, mai haya ne ɗakin karatu: a ba yaro kuɗi kaɗan ya karɓo na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai, ya dawo bangonsa ya tsufa. Abin da ke tafiyar da wannan kasuwa baki ne. Ba talla, ba sharhin jarida, sai dai wata ta ce wa ƙawarta wannan ya yi ma'ana, wancan an ja shi da yawa, marubuciyar nan ta yi son kai wajen hukunta kishiya, wancan ƙarshen an yi shi da gaggawa. Mai haya na jin wannan, ya san abin da zai saro, mai sari a Kano ya gaya wa marubuci abin da ke tafiya. Ta haka ra'ayin matar da ba ta taɓa barin garinsu ba ya kai ga teburin mai rubutu.

A nan ne suka ta biyu take, kuma manya ne suka yi ta. A muhawarar da aka yi a jaridu cikin shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai adabin kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya musu. Masu sukar na cewa daɗin da yarinya ta ji ba nazari ba ne, kuma kasuwar da ke bin son mai saye takan gangara zuwa abin da ya fi sauƙi. Ban musa cewa an buga shirme da yawa ba. Amma wadda ta karanta littafi ɗari ta iya bambance wanda aka gina da wanda aka kwaba, ko da ba ta san sunan jigo da salo ba, kuma batutuwan da take auna littafi da su, auren dole, saki, rabon gado, karatun 'ya mace, su ne rayuwarta, ta fi kowane manazarci sanin inda marubuci ya yi ƙarya a kansu. Da gwamnatin Kano ta ƙona irin waɗannan littattafai da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a 2007, ba a tambayi ɗaliban abin da suka gani a ciki ba. Wannan ne kuskuren, domin mai son gyara abin da ake karantawa dole ya fara da sauraron mai karantawa.

Wata suka kuma ta yankin ce ita kaɗai, kuma tana da nauyi. Mutanen nan Mangawa ne da Badawa da Fulani da sauransu, amma abin da ke hannunsu da Hausa yake, ko Larabci, ko Turanci. Ƙamus na harshen Bade da Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan ƙasa suka fitar a 2004 aiki ne mai daraja, sai dai ƙamus ba shi ne littafin da ake kwana ana karantawa ba. Asara ce ta gaske yaro ya tashi bai taɓa karanta labari da harshen kakarsa ba. Amma mai karatu bai jawo ta ba, abin da aka kawo kasuwa ya saya. Kuma kakanninsa da suka cika gefen takardar Larabci da harshensu sun riga sun nuna cewa karanta harshen wani ba ya hana rubuta naka.

Suka mafi zafi ita ce wadda mutanen Yobe suka biya da jini. Za a ce ai barin kowa ya karanta ya yanke hukunci shi ne ya haifar da matasan da suka yi sansani a Kanamma a 2003, suka ce sun karanta sun gano kowa ɓatacce ne. Amsata ita ce, abin da ya same su ƙarancin karatu ne da ƙuntata shi. Sun rungumi 'yan littattafai kaɗan, sun haramta sauran, sun yaga takardun shaidarsu, sun kuma ɗauki wanda ya saɓa musu abin kashewa. Al-Kanemi da Bello sun yi saɓani mai tsanani, har da yaƙi a tsakani, amma kowa ya karanta hujjar ɗan'uwansa ya amsa ta. Magadan 'yan Kanamma kuwa makarantu suka nufa: Mamudo da Gujba a 2013, Buni Yadi a 2014, sai Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, inda suka kwashe ɗalibai 110 daga kwalejin kimiyya da fasaha ta 'yan mata. Biyar sun rasu, an dawo da mafi yawansu ranar 21 ga Maris, aka riƙe Leah Sharibu. Da suka sauke yaran a cikin gari, gargaɗin da suka bar wa iyaye shi ne kada a sake mayar da su makaranta. Sun san abin da suke tsoro: yarinyar da za ta karanta fiƙihu da kimiyya da labari, ta auna maganarsu da abin da ta sani, ta ce ba ta gamsu ba.

Yau littafi ya koma cikin waya. Ana tura labari shafi-shafi ta WhatsApp, masu karatu na mayar wa marubuciya martani kafin ta rubuta babi na gaba, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 kuma ta nuna yawan matan da karatu ya mai da marubuta. Ba a taɓa samun ra'ayi da yawa haka ba, ba a kuma taɓa samun mai saurin ɓacewa haka ba. Rubutun gonin ƙarni na 17 yana nan ana nazarinsa, wasiƙun Gaskiya suna ɗakunan adana tarihi, amma abin da matan Nguru da Gashuwa da Dapchi suka faɗa kan littattafan haya yana bakin waɗanda suka faɗa ne kawai, kuma suna tsufa. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman suna da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. A tura su gidajen malamai su ɗauki hoton warƙoƙin da gara ba ta gama da su ba, su zauna da tsofaffin masu haya su rubuta abin da aka fi nema da dalilin nemansa, su tambayi iyayensu mata wane littafi ne ba su manta ba. Malaman makarantun Dapchi kuma, idan ɗaliba ta gama littafi, kowane iri ne, a ba ta takarda ta rubuta abin da ta gani a cikinsa da sunanta a ƙasa, a ajiye.